Ladi Mai Wanki da Kaburburan da Aka Baje

Ladi mace ce mai wuyar zama, ba kuwa zan ɓoye ba don ta riga mu gidan gaskiya. Gajera ce, sabulu ya cinye mata hannuwa, muryarta kuwa in ta ɗaga ta a bakin gulbi sai na ƙetare ya waiwayo. Ni Tani na fi kowa saninta. Tare aka karɓo mu daga hannun masu fataucin bayi muna 'yan ƙanana, tare aka kai mu gidan 'yantattun yara a Zungeru. Can aka koya mana wanki da guga da karatu, can aka yi mana baftisma rana ɗaya. Ba ta san garinsu ba, ban san namu ba. Sunan ma sa mata aka yi don ran Lahadi aka kawo ta.

Da muka isa aure, ita ta auri Maigandi, kukun wani Bature, ni na auri kafinta. Aiki ya kawo mazanmu Sakkwato kafin yaƙin Jamus, muka zauna bayan ganuwa, gefen bariki, inda ake sauke baƙi irinmu. Kiristocin da ke nan a lokacin ba mu cika rumfa ɗaya ba: akawuna daga Ikko da Saliyo, da kuku, da masu wanki, da 'yan sanda biyu ko uku. Fasto kuwa sai shekara-shekara wani yake leƙo mu daga nesa, in ya ga dama. Muka kafa rumfar zana, ran Lahadi mu taru mu yi sujada, wanda ya iya karatu ya karanta, kowa ya yi waƙa da bakin da ya iya. Mutanen birni ba su dame mu ba, ba mu dame su ba. In faɗa tun yanzu, labarin nan babu laifin Musulmi ko ɗaya a cikinsa. Mu muka yi wa kanmu.

Ɗa ɗaya Ladi ta haifa a duniya, Habila. Yana shekara uku murar nan da ta biyo bayan yaƙi ta shigo gari, ta riƙa kwasar mutane babu babba babu yaro. An ba mu wani fili bayan bariki mu riƙa binne namu, yana iyaka da gonar wani manomi, Sodangi. A 'yan makonni filin ya ci mutanenmu da yawa. Ranar da Habila ya cika, babu namiji ko ɗaya da ke tsaye a unguwarmu, har uban yaron yana kwance bai san inda kansa yake ba. Ni da Ladi muka ɗauki fartanya muka haƙa. Ƙasa ta bushe ƙam, mu kanmu zazzaɓi na cinmu, ramin da ƙyar ya kai gwiwa. Muka sa shi, muka rufe, muka jera duwatsu da ƙaya don kuraye. Da mijina ya warke ya sassaƙa ɗan gicciye ya kafa, kusa da wani gindin sabara a kusurwar gabas. Ladi ba ta sake samun ciki ba.

To, bayan wannan ne jama'armu ta fara lalacewa, ba kuma da faɗa ba, da lalaci. Wata damina iska ta kwashe rumfar. Babban akawu, Mista Bankole, wanda shi ne dattijon ikkilisiya, ya ce a koma falonsa kafin a gyara. Gyaran da ba a yi ba ke nan. Falo yana da kujeru, kujeru kuma na masu takalmi ne. Sujada ta koma Turanci tsantsa. Mu masu wanki da kuku sai muka tsinci kanmu a baranda, zaune cikin sandunan hannu da hulunan manya, muna leƙen Allah ta taga. Kada a ce Mista Bankole mugu ne, ba mugu ba ne. Mutum ne mai tsabta da son tsari, wanda ya saba in yana son abu ya aika a yi. Ban taɓa ganin ƙasa a farcensa ba, ni kuwa na sha wanke rigunansa.

Mutanen baranda suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce maigida na da baƙi, wancan ya ce ƙafa ke ciwo. Ladi ba ta fasa zuwa ba. Takan zauna dab da taga, in na ciki sun ce amin ta bari sai sun gama, sa'an nan ta ce nata da ƙarfi, don su san da mutum a waje.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne filin matattu. Ciyawa ta rufe shi, gara ta ci rabin gicciyen. Kowace shekara in kaka ta yi sai ta tare su a bakin ƙofa ta ce a kira gayya, yadda manoman nan suke yi: ita za ta dama fura ta tuƙa tuwo, kowa ya zo da fartanyarsa, a nome, a gyara kaburbura, a yi shinge. Kowace shekara sai a ce mata magana ce mai kyau, za a duba. Mutum ya iya tsayawa ya yi dogon wa'azi a kan hidima, amma a ce ya sunkuya ya cire ƙarangiya, sai bayansa ya tuna da ciwo. Ita kaɗai take zuwa ta nome abin da ta iya, kusurwar ɗanta da na maƙwabtansa.

Ana nan sai labari ya zo, wai fasto zai zo mana bikin Ista, na tashin Almasihu. Nan da nan Mista Bankole ya tuna muna da matattu, don kada baƙo ya ce a kai shi ya gani a ji kunya. Ladi ba ta gari, ita da Maigandi sun bi Baturensu rangadi. Da tana nan da abin bai faru ba. Maimakon Mista Bankole ya tara mu, sai ya yi abin da ya saba yi in ciyawa ta yi yawa a bayan ofis. Ya yi magana aka ba shi fursunoni daga gidan yari, da gandiroba, ya ce a je a share filin tas, ya yi kyau, a kula da kabari. Shi bai taka wurin ba. A ganinsa kabari shi ne abin da aka gina da siminti aka rubuta suna, irin wannan kuwa ɗaya ne tak a filin, na wani akawu, can bakin shiga. Ni ina gulbi na hango hayaƙi, na ɗauka manoma ne ke ƙona sassabe.

Ranar da Ladi ta dawo, ko kayanta ba ta kwance ba ta ce in raka ta. Muka isa muka tsaya. Fili ne baƙi, shimfiɗe, babu tudu babu kwari. An ƙone ciyawa har da gicciyen da ke cikinta, an baje kowane tudun kabari, an tattara duwatsu an tsibe su a gefe, an tumɓuke sabara da saiwarta, an bi da manjagara an daidaita. Na simintin nan kaɗai ke tsaye, har farar ƙasa aka shafa masa.

Sodangi yana gonarsa yana kaftu. Da ya gan mu ya ajiye ya zo, ya tsuguna daga iyaka, bai shigo ba.

Ya ce, "Ladi, sai haƙuri. Na hwaɗa musu kusheyi na. Wani dattijo cikin hursunan ma yac ce shi hannunai bai iya wanga aiki. Gandiroba yac ce shi dai abin da anka ce mai ke nan, a share wuri shi koma kamar hilin hwareti."

Ladi ta nufi kusurwar gabas, ta tsaya, ta ce nan ne. Ta matsa, ta ce a'a, nan ne. Ta koma baya, ta dubi ganuwa, ta dubi gonar, ta sake matsawa. Ta juyo ta ce mini, "Tani, ke ma kin haƙa. Ina ne?" Na duba, na duba. Wallahi ban sani ba. A shekarar murar nan an jera yara kusa da kusa a wannan kusurwa, in ka kuskure kaɗan ka hau na wani. Macen da ba ta san inda aka binne uwarta ba, ba ta san inda cibiyarta take ba, wuri ɗaya ne a duniya take iya nunawa ta ce nan nawa yake, shi ne aka share don ya yi wa baƙo kyau.

Sodangi ya bari sai da ta gaji ta zauna, sa'an nan ya ce, "Akwai dabara guda, in Allah ya yarda. Ƙasar da anka taɓa haƙawa ba ta shan ruwa kamar wadda ba a taɓa ba. In ruwan hwarko mai ƙarhi ya sauka, rana ta hito, ko'ina za shi bushe, kusheyi su tsaya da danshi, ki gan su baƙaƙe. Amma ba su daɗewa. Kahin hantsi ya ɗaga sun ɓace. Mutum guda bai iya bin su duka, sai da jama'a."

Fasto bai ma zo ba. Aka ce hanya ta hana shi. Ran Ista aka taru a falo kamar kullum, har 'yan baranda sun zo don biki. Ladi ta zo da zanen wankinta, ba ta ko sauya ba, ta ratsa baranda ta shiga ciki, ta ja kujera ta zauna tsakanin matan akawuna. Suka riƙa tattare bakin siket. Aka yi waƙa, aka yi karatu. Da aka miƙe ana shaida bangaskiya, aka zo daidai maganar tashin matattu, sai ta ɗaga murya.

"Ku dakata nan. Waɗanne matattu?"

Mista Bankole ya ce, da Hausarsa ta bariki, ta zauna, bayan sujada za a yi magana.

Ta ce, "Shekara nawa ina jin bayan sujada? Maigida, tambaya nike yi. Kun ce matattu za su tashi. Ina kunka aje su? Ku tashi mu tafi yanzu, ku nuna mini Habila, ku nuna mini matar ɗan sanda, ku nuna mini tsohon nan mai guga da ya koya muku waƙa da Hausa. Sa'an nan mu dawo ku ƙarasa."

Ya ce shi alheri ya nufa, ya kuma ce a kula da kabari.

"An kula da shi, na gani, har farar ƙasa ya sha. Sauran fa, ramukan ɓera ne? Na roƙe ku fartanya, ba ku da lokaci. Kun aika mutane da sarƙa a ƙafa, waɗanda ba su san mu ba, su yi muku abin da Allah ya ɗora muku. Su ba ni da magana da su, sun fi ku jin nauyin wurin. Ku da kunka ci tuwo da mutanen nan, kunka ɗauki gawarsu, ku ne kunka manta inda suke kwance."

Wata daga cikin matan ta fara kuka, don ita ma da jaririnta a filin, sai ranar ta san abin da aka yi. Ladi ba ta lallashe ta ba. Ta faɗa musu abin da Sodangi ya ce, ta kuma ce ba za ta tashi daga kujerar ba sai kowa ya yi alkawari a gaban Allah, da bakinsa: ranar da ruwan farko ya sauka, ko wace rana ce, ko Gwamna ne ke gari, zai zo da ƙafarsa ya yi aiki da hannunsa, ba aike ba. Ɗaya bayan ɗaya suka faɗa. Mista Bankole ne na ƙarshe, da ƙyar aka ji muryarsa. Sujadar Ista ta wannan shekara a nan ta tsaya, ba a ƙarasa ba.

Daga Ista zuwa ruwa a Sakkwato akwai jira, kuma jiran cikin zafin bazara ne. Ladi ba ta ƙara taka barandar nan ba. Ran Lahadi sai ta tafi filin, ta tsaya a rana ta yi addu'arta, ni da Maigandi da mijina muna bayanta. Mako na gaba matar nan mai jariri ta biyo mu, ta jawo mijinta. Sai 'yan sanda, sai kukun da suka daɗe da janyewa. Wasu bangaskiya ta kawo su, wasu kunya, Ladi ba ta tambayi kowa ba. Bayan addu'a ta sa a riƙa kwaso duwatsu daga tsibin ana rarrabawa a gefe-gefe, mijina yana feƙe turaku. Hadari ya sha haɗuwa ya baje, ita kuwa in tana wanki rabin idonta yana gabas.

Ruwan ya zo wata Laraba da asuba, mai ƙarfi, har ya ɗauke da gari ya waye. Ladi ta ɗauki daron wanki da muciya ta bi unguwa tana bugawa, daga nan ta wuce har bakin ofisoshi. Masinja ya zo korarta, ta ce ya je ya gaya wa babban akawu ruwa ya sauka. Ban san abin da Mista Bankole ya gaya wa Baturensa ba. Na dai gan shi ya fito da fararen kayansa, sauran akawuna na biye, suna tsallake taɓo kamar kaji.

Muka jeru a bakin fili muna jira, Sodangi yana tsaye a iyakarsa. Rana ta fito, ƙasa ta fara shan iska, ta fara haske. Sai ga kaburburan suna fitowa, dogaye, baƙaƙe, a jere, kamar an shimfiɗa tabarmi. Babu wanda ya ba da umurni. Kowa ya ruga da turke da dutse, ana kafawa a wajen kai da wajen ƙafa, ana kiran sunaye. Wannan ya ce nan matar ɗan sanda take, don bayan tsoho mai guga aka sa ta, wancan ya ce haka ne, shi ya riƙe kan makara. Abin da mutum ɗaya ya manta wani ya tuna. Na ga Mista Bankole durƙushe cikin taɓo yana buga turke da dutse, ya bugi yatsansa, bai ko tsaya ba. Matar nan ta sami jaririnta, don mijinta ne ya haƙa masa, ya kuwa zurfafa.

Ladi tana kusurwar gabas. Wasu na yaran sun fito, ta kafa musu turaku da hannunta, tana wucewa tana dubawa. Na Habila bai fito ba. Ramin da mata biyu marasa lafiya suka haƙa bai yi zurfin da zai riƙe ruwa ba, fursunoni kuma sun kankare wannan gefen sun cike wani kwari da ƙasarsa. Wurin ya bushe bai ɗaya. Ta durƙusa tana shafa ƙasa da tafin hannu, tana rarrafe, har rana ta take, babu sauran danshi ko'ina. Maigandi ya juya baya yana kuka. Ni ban iya zuwa kusa da ita ba.

Mista Bankole ne ya je. Ya tsaya a gabanta, wandonsa duk jar ƙasa, ya ce, "Mama Habila, ki gafarta mini." Ta ɗago ta ce, "Na yafe, don an ce mu yafe. Amma kada ka jira in yi maka dariya. Ga fartanya can, akwai sauran aiki."

Daga wannan damina ba a sake sujada a falon kowa ba. Muka kafa rumfa a bakin filin, da hannunmu, muka kewaye shi da shingen aguwa. Aka koma karatu da Hausa da Yarabanci da Turanci, kowa a tabarma. Gayya ta zama ta kowace kaka, akawu da kuku kafaɗa da kafaɗa, har aka riƙa bin gidajen marasa lafiya ana yi musu ɗiban ruwa da daka. Waɗanda suka zo daga baya sukan ce Allah ne ya juya sharri ya zama alheri. Ban musa ba. Amma ni da na ga kuɗin abin, in na ji ana faɗin haka da murmushi sai in ji kamar in mari mutum. Ikkilisiya ta farka, Ladi ce ta biya.

Ta rayu shekaru da yawa bayan haka, tana wanki, tana faɗa, ba ta fasa sujada ba ko sau ɗaya. Kusurwar gabas ɗin nan duka ta zama tata. Ta kewaye ta da duwatsu, tana nome ta gaba ɗaya, ba ta yarda kowa ya taka ba. Maigandi ya riga ta, aka sa shi a layin manya.

Da ciwon ajali ya kama ta, dattawa suka zo gaishe ta. Ɗaya daga cikinsu, don ya faranta mata rai, ya ce in lokaci ya yi za a sa ta a kusurwar gabas, kusa da ɗanta. Ta yunƙura har sai da na riƙe ta.

Ta ce, "Kusa da shi a ina? Kun sani? Kada wanda ya sa diga a wurin nan, ku je ku sare mini yaro. Ku kai ni can bakin shinge. Mai tashe shi ya san inda yake. Ran nan yaron ne zai zo ya neme ni, ni na gaji da nema."

Haka muka yi. Tana can yamma, jikin aguwa, filin duka yana tsakaninta da ɗanta.